Shuɗiya Ta Rasu a Dajin Falgore

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga hukuncin da babu mai tayar da shi, ni Ɗahiru Mainasara, direba, mutumin Ba'awa ta ƙasar Kiru, a madadin kaina da iyalina, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin tashar Kwanar Dangora, da manoman Tudun Wada da Doguwa, rasuwar motata akori-kura, wadda kowa ya sani da suna Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata da azahar a tsakiyar dajin Falgore, bayan jinyar wata huɗu. Ta yi shekara talatin da ɗaya a hannun gidanmu. Shekarunta na kafin nan kuwa, sai wanda ya ƙera ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tambayi limaminmu ko ya halatta a faɗi wannan kalma a kan ƙarfe. Ya ce duk abin da bawa ya rasa har ya ji ciwo a ransa, to ya faɗa.

Ban rubuta wannan sanarwa don a zo a yi mini jaje ba. Na rubuta ta ne saboda tun ranar da abin ya faru ake ta ɗora wa marigayiyar laifin da ba nata ba, a tasha da kasuwa har da zaman makoki, ita kuma ba ta da bakin da za ta kare kanta. Wanda ya san gaskiya ya yi shiru mako uku. Shi ne yake rubutun nan.

Mahaifina, Malam Mainasara, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta ta hannu a Kano, ina saurayi. A kanta na koyi tuƙi, a kanta aka ɗauko kayan ɗakin matata Rabi, a bayanta aka kai mahaifin nawa makwancinsa shekara goma sha tara da suka wuce. Daga ranar makullinta ya dawo aljihuna.

Duk wanda ya zauna da ita zai yi mata shaidar haƙuri. Buhu ashirin da biyar na masara ake ɗora mata a ƙauyukan bayan Doguwa, ta durƙusa kamar raƙumi, ta miƙe, ta hau tudun da sababbin motoci ke tsayawa a gindinsa suna haki. Ta ɗauki shinkafar Tudun Wada da raken fadama, ta ɗauki taki da damina, ta ɗauki raguna gab da layya. Matan da naƙuda ta zo wa da gardama a ƙauyukan da babu hanya, ban san adadin waɗanda ta fitar ba. Ba ta taɓa tambayar ko wane ne za a ɗauka ba, ko mai rai ne ko gawa.

Tana da halayenta, ba zan ɓoye ba. Tana shan baƙin mai. Ƙofar fasinja sai daga waje take buɗuwa. Da safe ba ta tashi da kira ɗaya. Sai ta ce ƙiƙi-ƙiƙi-ƙiƙi, ta yi shiru, ta sake, a na uku ta ce gurum, duk kajin unguwa su watse. Hon ɗinta ya dishe tun da daɗewa, ɓaaf kawai yake cewa, amma matan rugage suna gane shi tun daga bayan dutse, su fito da ƙoren nono bakin hanya. A duk shekarun nan, ban da facin taya, ba ta taɓa kwantar da ni a daji ba.

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai agogo uku. Na gudu ya mutu tun zamanin mahaifina. Na mai ya bi shi, da kara muke auna tanki. Na ukun shi ne gejin zafi, mai 'yar allura ja, wanda ke nuna ko ruwan inji ya yi sanyi, ko yana daidai, ko ya kai ga tafasa. Ranar da mahaifina ya fara ɗora ni a kujerarsa, bai nuna mini giya ba sai da ya ɗora yatsa a kan gilashin gejin nan. Ya ce, “Ɗahiru, mota ba ta da baki sai wannan. In ta yi maka magana, ka tsaya.”

Ciwon ajalin ya fara ne da farkon damina, kuma daga gejin nan ya fara. Wata safiya na baro Ba'awa, ban kai Kwanar Dangora ba sai na ga allura ta haye ja. Na tsaya, na buɗe bonet. Lagireto cike da ruwa, tiyo da ɗumi kawai, fanka na juyawa. Na jira, na tayar, allura ta dawo tsakiya. Washegari ta sake. A mako guda sai da ta tsayar da ni sau tara a kan hanya, da kayan mutane a baya, kuma kowane karo in tarar da inji lafiya lau.

Na kai ta wurin Ubale, bakaniken da ke bayan tashar Kwanar Dangora, wanda ya san cikinta fiye da yadda na san cikin gidana. Ya duba famfon ruwa da bel, ya sa aka wanke lagireto. Ya ce inji ba shi da komai, sai dai sansa, wato ɗan ƙarfen nan kamar babban yatsa da ke ɗaure a jikin inji, mai jin zafin ruwa ya aika wa allura. Ya canza shi. Kwana uku allura ta natsu. A na huɗu ta koma rawa, ta hau ta sauka, musamman in na kunna waifa ko na faɗa rami.

Ubale ya ce, “Malam Ɗahiru, wannan ya fita daga hannuna. Aikin waya ne. Ka je wurin Tasi'u.”

Tasi'u mai gyaran wayar mota ne, rumfarsa na kallon ta Ubale, mutum ne mai 'ya'ya biyar da ƙarancin magana. Ya duba fiyus, lafiya. Ya kwance baƙar wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya kankare tsatsa, ya mayar. Sannan ya zare wayar sansa ya ce in murɗa makulli in sa ido. Ya taɓa bakin wayar a jikin inji, allura ta tashi ta daki ƙarshe. Ya ɗaga, ta faɗo.

Ya ce, “Ka gani? Gejin yana da rai. Sansa sabo ne. To saura abin da ke tsakaninsu. Wayar ta goge a wani wuri tana taɓa ƙarfe, shi ya sa take yi maka ƙarya. Ina zargin bayan dashbod. Ka bar mini ita kwana biyu, in sauke shi in bi wayar daga farko har ƙarshe.”

Na ce masa lokacin taki ne, mutane na jirana a Doguwa, kwana biyu ba wasa ba ne.

Ya ce, “To ka kawo ta ranar da ka samu sarari. Amma kada ka daɗe, Baba Ɗahiru. Geji mai ƙarya ya fi matacce haɗari.”

Na ce in sha Allahu mako mai zuwa. Taki ya wuce, aka shiga ɗaukar 'yan ƙwadago zuwa noma, daga nan sai ɗanyar masara, daga nan sai kaka. Kullum na wuce ta gaban rumfarsa sai ya ɗaga mini hannu, ni ma in ɗaga masa, in taka totur.

A nan ne nake roƙon mai karatu ya natsu, don abin da ke biye ban taɓa faɗa wa kowa a tasha ba. Na koyi wata ɗabi'a. In allura ta haye ja, sai in ƙwanƙwasa gilashin da bayan yatsa, ta faɗo. Wata rana cikin watan takwas, ana ruwa, ina hawan wani tudu mai santsi da kaya a baya, ta haye ta ƙi saukowa. Na ƙwanƙwasa, ta ƙi. Raina ya ɓaci. Na dunƙule hannu na kai mata naushi. Ta faɗo tsakiya, daidai inda lafiyayyar allura ke zama, ta tsaya cak. Daga ranar ba ta sake motsi ba. Na ce alhamdu lillahi, ta warke.

Rabi ce ta fara gani. Wata safiya tana share mini cikin motar kafin in fita, ta leƙo ta taga.

“Malam, wannan abin naka da kake ta fama da shi, ko mota na barci ma a tsaye yake?”

Na ce mata haka yake.

“Da can na ga in ka kashe ta yana kwanciya.”

Na ce, “Rabi, ki bar mini aikina, in bar miki tukunyarki.”

Ta ci gaba da shara. Ita da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba ta ga abin da na gani na kau da kai. Na san allura mai rai tana kwanciya in inji ya huce. Na sani sarai. Amma ta daina tsayar da ni a hanya, kuma abin da nake so ke nan.

Yanzu sai in ambaci Idris. Bafulatani ne mai noma da kiwo, rugarsu na gindin duwatsun bayan Doguwa. Shekara ashirin ni nake fitar masa da masara. Ba ya kirana da sunana, Kaɗo yake ce mini, ni kuma in ce masa Ɗan Fillo. In na kwana a yankinsu, a bukkarsa nake sauka. Lokacin da ciwon baya ya kwantar da ni wata biyu, ya hau motar haya tun daga can har Ba'awa da kwalbar man shanu, ya zauna a zaurena yini guda yana zagin Hausawa da rashin ƙwari.

Ranar Talatar da abin ya faru, na isa gonarsa da hantsi. An kawo injin bugun masara na haya, ana ta aiki, ni ina jiran buhuna su cika. Idris na tura masara a bakin injin. Ban ga yadda aka yi ba. Na ji dai muryar injin ta canza, na ji mutane sun ɗauki salati. Bel ya kama hannun rigarsa ya ja hannun dama har gwiwar hannu. Kafin a kashe injin, abin da ya faru ya faru.

Muka ɗaure damtsen da rawani. Aka shimfiɗa tabarma a bayan Shuɗiya, aka kwantar da shi, matarsa Nusaiba ta hau ta ɗora kansa a cinyarta. Mazan da ke wurin suka ce za su biyo mu a babura in sun sanar da ruga. A ƙaramin asibitin da ke kusa aka sake ɗaure hannun, aka yi masa allura, aka ce jini yake buƙata da likitan fiɗa, mu wuce Tudun Wada kada mu tsaya ko'ina. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, in mota na lafiya.

Ban taɓa gudu da ita irin na ranar ba, kuma ba ta yi mini gardama ba. A wani rami kafin mu shiga daji na ji cikinta ya daki ƙasa. Daga baya aka gano a nan ne tiyon ruwa na ƙasa ya tsage, ruwan lagireto ya dinga zuba a kan kwalta muna tafe. Da muka yi nisa cikin Falgore sai na ji wani ƙauri, kamar an manta tukunya a kan wuta. Na dubi allura. Tana tsakiya. Can sai na ji inji yana wani ƙas-ƙas-ƙas a hankali in na taka totur, ƙarfinta kuma yana raguwa. Na sake duban allura. Tana tsakiya.

A bayan kujerata akwai jarkar ruwa cike, akwai robar taya da ake ɗaure tiyo da ita. Da na tsaya a lokacin, aikin minti goma ne, ko sha biyar. Duk direban da ya kai rabin shekaruna ya san wannan ƙauri da wannan ƙara. Amma ga mutum yana zubar da jini a bayana, ga allura tana ce mini babu komai, kuma ina so in yarda da ita. Na ƙara taka totur.

Maganarta ta ƙarshe ba ta da tsawo. Ta ce ƙwaƙ-ƙwaƙ-ƙwaƙ da ƙarfi, ta yi wata jijjiga da na ji har cikin haƙorana, ta ce kaf. Na taka kuloci ta gangara gefen hanya ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar doka. Na murɗa makulli, ko juyawa inji bai yi ba. Da na ɗaga bonet, babu tururi ma, don babu sauran ruwan da zai yi tururin. Hayaƙi ne siriri ke tashi daga jikin ƙarfen, fenti yana ƙuna. Na leƙa ciki ta taga. Allura na tsakiya.

A wannan yanki na dajin waya ba ta kamawa. Na tsaya a tsakiyar titi ina ɗaga hannu biyu, rigata duk jini. Motoci bakwai suka wuce. Wasu suka rage gudu, da suka ga jinin suka ƙara wuta. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Kowa ya san labarin motar da ake ajiyewa a dajin nan kamar ta lalace don a tare mutane, kuma ni kaina na sha wuce irinta ban waiwaya ba.

Tsakanin mota da mota sai in koma wurin Idris. Fuskarsa ta yi fari, leɓɓansa sun bushe, amma hankalinsa na nan.

Ya ce, “Kaɗo, tsohuwarka ta gaji.”

Na ce yanzu za a samu wata motar.

“Kada ka zage ta. Ta yi ƙoƙari.” Sai ya ce, “Akwai ruwa?”

Na ɗauko jarkar nan ta bayan kujera. Nusaiba ta jiƙa bakin mayafinta tana ɗiga masa a baki, tana shafa masa a goshi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambaye ni komai ba. Hannunta ɗaya na riƙe da ɗaurin, jini na bin yatsunta yana sauka a tabarma.

Can ya ce, “A ce wa Jauro a rufe masarar nan. Na ga hadari ta gabas.” Jauro yayansa ne. Na ce za a faɗa masa. Daga nan bai sake yi mini magana ba, sai kalmar shahada da yake maimaitawa, Nusaiba na tayawa ƙasa-ƙasa.

Mun fi awa ɗaya a wurin, masu baburan ba su iso ba. Wata babbar mota mai ɗauke da rake ce ta tsaya daga ƙarshe. Direban dattijo ne, ban ma tambayi sunansa ba, Allah ya saka masa da alheri. Muka ɗauki Idris muka sa shi a gaba, ni da Nusaiba muka riƙe shi. Mun fita daga daji, gonakin shinkafar Tudun Wada sun fara bayyana, sai na ji nauyinsa ya canza a hannuna. Nusaiba ta shafa idanunsa, ta ja mayafinta ta rufe fuskarsa. Ta ce, “Malam Ɗahiru, a ce wa direba ya daina sauri.”

A asibiti na ja ma'aikacin da ya karɓe mu gefe, na tambaye shi ko da mun iso da awa ɗaya kafin haka da an cece shi. Ya ce, “Baba, ban gan shi da rai ba. Ba zan iya ce maka e ko a'a ba.” Har yau amsar da nake da ita ke nan. Na yi imani ajali ba ya jinkiri kuma ba ya gaggawa. Na kuma yi imani za a tambayi kowa abin da aka ba shi amana.

A zaman makoki a ruga, duk wanda ya zo sai ya riƙe hannuna ya yi mini godiya. Ka yi iya ƙoƙarinka, Malam Ɗahiru, mota ce ta ci amanarka. Tsohuwar mota ba abin yarda ba ce. A tasha ma haka, wasu har da cewa tun tuni ya kamata a kai ta bola. Ina ji, ina gyaɗa kai. Rabi kaɗai ce ba ta ce mini komai ba. Ta kawo mini abinci, ta ɗauke shi yadda ta kawo.

Kwana huɗu bayan haka Ubale ya samo motar da ta jawo gawar Shuɗiya zuwa garejinsa. Ya buɗe inji, ya kira ni in gani. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da uwarsa, ya ƙone, kan injin ya lanƙwashe, fistin biyu sun manne da silinda, uwar injin kanta ta tsage. Ya goge hannunsa ya ce, “Ba ta tashi, Malam Ɗahiru. Ko an samu wani injin, jikin ba zai ɗauka ba. Ka yi haƙuri.”

Tasi'u ya tsallako daga rumfarsa. Bai gaishe ni da wata doguwar gaisuwa ba. Ya ce yana neman izini ya sauke dashbod, don yana so ya san ko zarginsa daidai ne. Na ce ya sauke. Bai kai awa biyu ba ya kira ni. Ga wayar nan a bayan sitiyari, ta goge a jikin wani ƙarfe, jan ƙarfenta a waje, wurin bai fi faɗin farce ba. Ya naɗe ta da salatif. Sannan ya ciro gejin, ya cire gilashin. Farantin da ke bayan allurar ya lotsa ciki, ya danne ta. Ya sa bakin sukudireba ya ɗaga farantin kaɗan. Allura ta faɗo ta kwanta a sanyi. Ya haɗa ta da batir ya gwada, ta tashi, ta sauka, lafiyarta ƙalau.

Ya ce, “Wannan lotsawar ba tsufa ba ne. Duka ne.”

Na ce, “Ni ne.”

Ya dube ni, ya dubi gejin, ya miƙo mini shi. Ya koma rumfarsa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na hau motar haya na koma ruga. Na samu Jauro a gindin bishiyar da suke zama, na gaishe shi, na ce ina da magana. Nusaiba na cikin takaba, tana bayan zana, na roƙi a ce mata ta saurara. Na faɗa musu duk abin da ke cikin takardar nan, tun daga kwana biyun da na hana Tasi'u har zuwa ƙaurin da na ji a daji na ƙi tsayawa.

Jauro ya saurara har na gama. Sannan ya ce, “Mun ji, Malam Ɗahiru. Da ka yi shiru, babu mai sani. Abin da yake namu, mun yafe. Abin da yake na Idris kuma, ba ya hannunmu. Ka roƙi Allah.”

Daga bayan zana ba a ce komai ba. Na jira, na yi sallama, na kama hanya. Na kusa fita daga ruga sai wata tsohuwa ta biyo ni da saƙo. Nusaiba ta ce sandarsa ta kiwo tana bayan motar, a ƙarƙashin tabarma, tun ranar. Tana so a dawo mata da ita.

Marigayiya Shuɗiya ta rasu ta bar ni, mai ita, wanda ba shi da wata sana'a. Ta bar Rabi, wadda ta share ta shekara ashirin da bakwai. Ta bar Ubale da Tasi'u, waɗanda suka yi jinyarta da gaskiya, kuma ina shaida babu sakacin ɗayansu a cikin wannan al'amari. Ta bar tayu huɗu, biyu sun suɗe, da batir mai sauran rai, da jak ɗin mahaifina. Ta bar masarar mutane a gonakin bayan Doguwa tana jiran wata motar. Ta kuma bar gejin zafi guda ɗaya, lafiyayye, wanda ya yi wata biyu yana so ya yi magana an danne masa harshe.

Ina roƙon duk wanda ya ce ta ci amana ya janye maganarsa. Ta yi gudu babu ɗigon ruwa a cikinta har inda ƙarfe zai iya kaiwa.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a bayan garejin Ubale da ke Kwanar Dangora. Masu sayen tsohon ƙarfe za su zo daga Kano da wutar yanka. Kafin su taɓa ta, ni da kaina zan ciro sandar Idris da tabarmar, Rabi ta wanke tabarmar. Ba za a kafa rumfa ba, ba za a yi zaman makoki ba, kuma ina roƙon abokan aiki kada kowa ya bar lodinsa saboda ni. Wanda ya yi niyyar addu'a, ƙarfe ba ya buƙatarta, ya yi wa Idris, ya yi wa Nusaiba da marayu huɗu da ya bari. Ni ba zan tsaya a gama yankan ba. Motar Doguwa tana tashi kafin azahar, kuma akwai sandar da ake jira.

Sanarwa daga Ɗahiru Mainasara, Ba'awa.